Duba Taimin da Saita Shi a Injin Kwalekwale

Taimin shi ne lokacin da fulogi yake ba da tartsatsi a cikin silinda, gwargwadon inda fistin ya kai a hawansa. Ana auna shi da digiri na juyin filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke saman inji. Cakuɗen fetur da iska ba ya ƙonewa nan take, don haka dole tartsatsin ya riga fistin isa ƙololuwa, ta yadda ƙarfin wutar zai same shi daidai lokacin da ya fara gangarowa. Injin da ke juyi 5,000 a minti yana zagayawa fiye da sau 80 a daƙiƙa guda, shi ya sa kuskuren digiri kaɗan ba ƙaramin abu ba ne.

A Legas, inda kwalekwalen haya ke jigilar fasinja tsakanin Ikorodu, CMS, Apapa da Badagry, injinan Yamaha masu shan fetur haɗe da baƙin mai sun fi yawa, kuma a irinsu ne aikin ya fi muhimmanci. A yawancinsu tartsatsin yana zuwa dab da ƙololuwa idan inji yana silo, sannan ya riƙa gabatowa yayin da ake ƙara totur, har ya kai kimanin digiri 18 zuwa 25 kafin ƙololuwa. Ainihin adadin yana cikin littafin kamfani na kowane samfuri, kuma shi ake bi, ba kunne ba.

Idan tartsatsin ya zo da wuri fiye da kima, inji yana ƙwanƙwasa, ya ɗau zafi, a ƙarshe kan fistin ya narke ko ya huje, lamarin da ya fi tsanani da fetur maras kyau. Idan ya makara, inji yana nauyi, ya kasa ɗaga kwalekwale da lodi, ya kuma sha mai, abin da masu jirage suka fi ji a aljihu tun bayan cire tallafin fetur a 2023.

Bakanike yana farawa ne da tabbatar da alama. Yakan cire fulogai, ya zura ma'auni mai allura ta ramin silinda ta farko, ya juya filawil da hannu yadda hannun agogo ke tafiya har allurar ta tsaya, alamar fistin ya kai ƙololuwa, sannan ya duba ko tsinken nuni yana kan sifirin da aka zana a jikin filawil. Idan sun saɓa, tsinken ake gyarawa tukuna, domin duk awon da zai biyo baya a kansa ya dogara. Daga nan sai a mayar da fulogai, a maƙala fitilar taimin a wayar fulogin farko, a tayar da inji. Fitilar tana walƙiya duk sa'ad da tartsatsi ya fita, sai lambobin da ke gudu a jikin filawil su zama kamar a tsaye suke gaban tsinken. Idan lambar da aka gani ta saɓa da ta littafin, ana gyara ta hanyar sassauta noti a juya sukurun da ke tokare faifan taimin, wato faifan da ke ƙarƙashin filawil mai sarrafa lokacin tartsatsi, ko a daidaita tsawon sandar da ta haɗa shi da totur, a ɗaure, a sake haskawa.

Ba a tayar da injin sai ƙafarsa, wato ɓangaren ƙasa mai farfela, tana cikin ruwa, ko a duro ne, domin robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin ɗan lokaci idan ta juya a bushe. Awon cikakken totur kuma sai da giya a ciki da farfelar gwaji, ko a kan ruwa wani yana tuƙi; zuga inji babu lodi haɗari ne gare shi da wanda ya sunkuya a kansa.

Taimin bai cika gocewa haka kawai ba. Sau da yawa ɗan makullin ƙarfen da ke riƙe filawil ne ya karye bayan farfela ta bugi gungume ko tudun yashi, ko kuma gishirin ruwa ya sa sandunan sun cije. Sababbin injina masu kwamfuta su suke saita kansu, bakanike sai dai ya duba, idan awo bai yi daidai ba ya bi sawun na'urar da ke karanta juyin filawil da wayoyinta.