Waiwaye: Abin da gardamar biri ta bari a baya

Duk lokacin da ɗaliban sakandare suka iso babin juyin halitta a darasin bayoloji, gardamar nan sai ta sake tashi a Zariya. Ana yin ta a teburin mai shayi a Samaru, ana yin ta a zaurukan WhatsApp na iyaye daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, kuma kusan kullum a kan jimla ɗaya take cijewa: wai an ce mutum daga biri ya fito. Wasu na cewa a cire babin gaba ɗaya, wasu na cewa yaro ya haddace ya ci jarrabawa ya manta. Mai sauraro sai ya zaci wani Bature ne ya wayi gari da maganar rana tsaka. Zancen ya daɗe ƙwarai, kuma mafi yawansa ba a kan biri aka yi shi ba.

A Basra, Al-Jahiz, wanda ya rasu wajen shekarar 868, ya rubuta a Kitabul Hayawan yadda dabbobi ke cin juna da dabarun da kowace ke yi don ta tsira. Ibn Khaldun a 1377 ya jera halittu hawa-hawa, daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi. Lura ce mai kyau, amma ba ta bayyana yadda wani jinsi zai sauya ba. A 1809 Lamarck na Faransa ya ce halittu suna sauyawa ta hanyar gadon abin da iyaye suka samu a rayuwarsu, kamar wuyan raƙumin dawa da ya yi ta miƙewa wajen cin ganye. Charles Darwin ya yi tafiyarsa a jirgin Beagle daga 1831 zuwa 1836, ya shekara fiye da ashirin yana tara hujja, har wasiƙar Alfred Wallace ta iso masa a 1858 ɗauke da irin tunaninsa. Littafin Darwin kan asalin jinsunan halittu ya fito a Nuwamba 1859, kwafi 1,250. Asalin mutum jimla ɗaya ya samu a kusa da ƙarshe. Sai a 1871 ya yi masa littafi na daban.

Ginshiƙin maganar bai da yawa. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama iri ɗaya. Ana haifar fiye da abin da abinci da wuri za su iya ɗauka. Wanda ɗan bambancinsa ya dace da yanayin da yake ciki ya fi kaiwa ga hayayyafa, 'ya'yansa kuma su gaji bambancin, a hankali ya yaɗu; wannan shi ake kira zaɓin yanayi. Game da mutum, abin da masana fannin ke faɗa shi ne shi da manyan birai sun haɗa kaka a can baya mai nisa, ba wai birin yau ne ya rikiɗa ba. Ko hakan ma magana ce mai nauyi ga wanda ya yi imani da halittar Annabi Adamu alaihissalam, kuma malamanmu suna da ta cewa a kai. Ban ga laifin mai tsayawa kan aƙidarsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake haɗa sauran ilimin duka a watsar tare da wannan gaɓa.

Domin akwai rami babba a bayanin Darwin, kuma ba na addini ba ne. Bai san yadda gado ke tafiya ba. A zamaninsa an ɗauka halayen uwa da na uba cakuɗuwa suke yi a jikin ɗa. A 1867 wani injiniya mai suna Fleeming Jenkin ya nuna cewa in haka ne, duk wani sabon hali mai amfani zai rabu biyu a kowace haihuwa har ya ɓace, kamar a ɗiga shuni a randar ruwa a yi ta ƙara ruwa. To me yanayi zai zaɓa? A 1868 Darwin ya kawo hasashen cewa kowace gaɓa tana aika wasu ƙananan ƙwayoyi zuwa wurin haihuwa. Ɗan'uwansa Francis Galton ya gwada, ya riƙa sa wa zomaye jinin zomaye masu wani launi daban. 'Ya'yan suka fito da launin iyayensu, ba abin da ya sauya.

Alhali amsar tana nan a rubuce. A garin Brno, a ƙasar Cek ta yau, wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ya shafe daga 1856 zuwa 1863 yana aurar da wani nau'in waken Turawa a lambun gidan ibadarsu. Da hannu yake buɗe fure tun bai nuna ba, ya cire sashen namijin, ya shafa masa garin furen da ya zaɓa, ya jira kaka ya ƙirga. Da ya haɗa dogon tsiro da gajere, ba matsakaici aka samu ba: duka suka fito dogaye. Da ya bar waɗannan suka hayayyafa, gajeren ya dawo cif yadda yake, dogaye 787, gajeru 277. A siffar ƙwaya kuma, masu santsi 5,474, masu yamutsa 1,850. Halaye bakwai ya bi, kowanne ya ba da kusan uku bisa ɗaya. Ma'ana hali ba ya narkewa. Yana iya ɓuya a jikin ɗa ya bayyana a jika.

Ya karanta sakamakonsa a 1865, aka buga a 1866, shekara guda kafin sukar Jenkin. Kusan ba wanda ya waiwaye shi. Aka naɗa shi shugaban gidan ibadar a 1868, hidima ta cinye shi, ya rasu a 1884. Sai a 1900 masu binciken tsirrai suka sake gano aikin, kuma sai daga 1918 zuwa shekarun 1930 Ronald Fisher da J.B.S. Haldane da Sewall Wright suka haɗa lissafin Mendel da zaɓin yanayi na Darwin ya zama abu ɗaya. Juyin halittar da ake aiki da shi yau a nan aka gina shi, kuma ma'anarsa ta farko ita ce sauyawar yawan wata ƙwayar gado, wato abin da ke ɗaukar hali daga iyaye zuwa 'ya'ya, a cikin al'umma daga zuriya zuwa zuriya.

Wannan ɓangaren ne bai iso mu da ƙarfi ba. Yaro yakan haddace Mendel a wani babi, Darwin a wani, ya zana jerin biri yana miƙewa har ya zama mutum, ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa igiyar da ta ɗaure su. Ga shi kuwa muna rayuwa a cikinta. Saurayi da budurwa da suka je gwajin jinotayif kafin ɗaurin aure, aka ce musu AS da AS kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, ƙirgen lambun Brno ake karanta musu. Manomin da ya ajiye masara mai aure ya sake shukawa, ya ga gona ta fito wata doguwa wata gajera, shi ma haka. Masu samar da irin masara na SAMMAZ da irin wake na SAMPEA a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da wannan lissafin suke aiki.

Dalilin yawan sikila a wajenmu ma sai da bayanin Darwin ya fito fili. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar da sauro ke kashe yara, mai AS ya fi kaiwa girma ya haihu, shi ya sa ƙwayar S ba ta gushe ba duk da wahalar da take jawo wa mai SS, har kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da ita. Ƙwayar cutar maleriya ita ma ba ta tsaya ba. Waɗanda kulorokwin bai kashe ba su ne suka hayayyafa suka cika gari, har ta kai a 2005 Najeriya ta sauya maganin farko na maleriya zuwa haɗin da ke da atemisinin.