Maganaɗisun Ƙarafa Masu Hawa-Hawa

Ƙarafa masu hawa-hawa haɗi ne da ake samu idan aka shimfiɗa ƙarfe iri biyu a kan juna, wannan bayan wancan, ana ta maimaitawa. Kaurin kowane hawa yakan kasance nanomita kaɗan ne kawai (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali silin gashi guda ya haura nanomita dubu goma. A wannan siranta ƙarfe yakan fito da halin maganaɗisu da ba ya nunawa in yana dunƙule.

Misalin da ya fi shahara shi ne baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai suna kuromiyam. A 1986 Peter Grünberg, a Jülich ta Jamus, ya gano cewa idan siririn kuromiyam ya shiga tsakanin hawa biyu na baƙin ƙarfe, maganaɗisunsu yakan juya wa juna baya. A 1988 shi da Albert Fert na Orsay a Faransa, kowa a ɗakin bincikensa, suka ga abin da ya fi wannan ban mamaki: da zarar an kawo maganaɗisu daga waje ya sa hawan duka sun fuskanci gefe guda, sai wutar lantarki ta riƙa wucewa cikin sauƙi. A gwajin Fert, cikin tsananin sanyi na Kelbin 4.2 (kusan digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius), turjiyar da hawan ke yi wa wutar ta ragu da kusan rabi. Dalili kuwa, elektiron, wato ɗan ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, yana da nasa ɗan maganaɗisun. Hawan da ya dace da shi yakan bar shi ya wuce, wanda ya saɓa masa ya tarwatsa shi. Wannan babban sauyin turjiya da maganaɗisu ke jawowa shi ake kira GMR (giant magnetoresistance a Turance), kuma shi ya jawo musu kyautar Nobel ta 2007.

Stuart Parkin na kamfanin kwamfuta na IBM ya nuna a 1990 cewa alƙiblar hawan tana sauyawa gwargwadon kaurin abin da ya raba su. A 1997 IBM ta fitar da faifan ajiyar kwamfuta mai karatu da wannan dabara.

A kasuwar Computer Village ta Ikeja, inda Hausawa ke cikin masu cinikin tsofaffin kayan kwamfuta, akan kwance matattun faifai a ciro ƙaƙƙarfan maganaɗisun ciki. Aikin da ya cancanci kallo yana bakin siririn hannun da ke shawagi bisa faifan, ɗan ɗigo wanda bai kai ƙwayar gero ba. A nan hawan suke.