Me Doka Ta Ce Game da Ruwan Famfon Ƙaramin Gari?

A tsarin samar da ruwa na Najeriya, kalmar "ƙaramin gari" tana da adadi. Manufar ƙasa kan ruwan sha da tsaftar muhalli ta shekarar 2000 ta kasa matsugunai gida uku: ƙauye shi ne mai ƙasa da mutum 5,000, ƙaramin gari daga 5,000 zuwa 20,000, abin da ya haura haka birni ne. Ta kuma ce a ƙaramin gari kowane mutum ya kamata ya samu lita 60 a rana, wato jarka uku masu lita 20. Wannan maganar yawa ce. Ingancin ruwan kuwa yana cikin wata takarda daban, ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya mai lamba NIS 554, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007, aka sabunta ta a 2015.

Ƙa'idar ba ta tsaya kan hukumar ruwa ta jiha kaɗai ba. Ta hau kan kwamitin masu amfani da ruwa da ke gudanar da burtsatse da tankin gari, ta hau kan masu tankar ruwa da 'yan ga-ruwa, da mai burtsatsen da ke sayar wa unguwa. Ruwan leda da na gora ne kawai ke da nasu tsarin a ƙarƙashin NAFDAC. Saboda haka ƙanƙantar gari ba ta rage komai ba. Iyakar da aka gindaya wa ruwan Kano ko Kaduna ita aka gindaya wa garin da ke da tanki ɗaya da injin sola.

Kusan duk iyakokin da miligiram a cikin lita aka rubuta su. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ma'auni: miligiram 1 a lita daidai yake da giram 1 a cikin tanki mai lita 1,000.

Sharaɗi mafi tsauri shi ne na ƙwayar cutar ikolai. A cikin mililita 100 na ruwa, wajen rabin kofin shayi, ba a yarda a samu ko ɗaya ba. Dalili kuwa, ita wannan ƙwaya a hanjin mutum da dabba take zama. In an gan ta a ruwa, to bayan gida ya shiga ruwan, kuma ƙofar da ta bi ita kwalara da taifot da atini za su bi. Ba a tsayawa neman kowace cuta ɗaya bayan ɗaya, ita ce shaidar. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin arewa ne suka fi jin jiki.

Abin da ke tsare wannan sharaɗi shi ne kulorin, maganin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ƙa'idar ba ta ce "a zuba kulorin" ta yi shiru ba. Cewa ta yi a samu ragowarsa a cikin ruwa, miligiram 0.2 zuwa 0.25 a lita. Shi kulorin yana ƙarewa ne yayin da yake aiki. Laka na cinye shi, tsatsa na cinye shi, zafin rana a kan tankin ƙarfe na kore shi. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne mai gadin ruwan a cikin bututu, daga tanki har famfon ƙarshe a bayan gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a wurin zubawa, bayan minti 30 da haɗuwa da ruwa, ragowar kada ta gaza 0.5, don a samu aƙalla 0.2 a bakin famfo.

Ga lissafin a aikace. Garin kulorin da ake sayarwa a bokiti, wanda ma'aikata ke kira HTH, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ne. Tanki mai lita 50,000 in ana son ba shi miligiram 1 a lita, yana buƙatar giram 50 na zallar kulorin, wato kimanin giram 75 na garin. Ba a watsa shi cikin tanki a bushe. Ana jiƙa giram 15 a kowace lita ɗaya ta ruwa cikin bokitin roba, a motsa da sanda, a bari farin gari ya kwanta, a tsiyaye na sama a zuba yayin da tankin ke cika don ya gauraya. Ko miligiram 1 ya isa ko bai isa ba, gwaji ne zai nuna, domin kowace rijiya da irin cin kulorin da ruwanta ke yi. Sannan garin kulorin da aka bari a buɗe a ɗakin janareta wata da watanni ya riga ya yi sanyi, ko da an auna shi daidai.

Gwajin kansa ba ya buƙatar ɗakin bincike. Wani ɗan akwatin roba ne mai kamar girman wayar hannu, da ƙwayar gwaji mai suna DPD lamba 1. A buɗe famfo ya zuba na minti ɗaya ko biyu, a ɗauraye akwatin, a cika shi, a jefa ƙwaya ɗaya a girgiza. In akwai kulorin ruwan zai koma ruwan hoda, sai a gwada launin da jerin launukan da ke jikin akwatin, a karanta lamba. In ya tsaya fari tas, babu mai gadi. Wanda ya gwada a gindin tanki kawai ya rubuta "lafiya lau" bai yi aikin ba. Famfon da ya fi nisa shi ne ke faɗin gaskiya.

Me ya sa na nesa? Saboda yawancin ƙananan garuruwa ba sa samun ruwa dare da rana. Ana buɗewa awa biyu ko uku, a rufe. Muddin bututu na cike da ruwa mai ƙarfi, in ya fashe waje yake tsartuwa, ƙazanta ba ta iya kutsawa. Da zarar an rufe, ruwan ya janye, sai bututun ya koma zuƙa kamar tsinken shan lemo. To a duba inda bututun gidaje ke bi: siririn baƙin roba kwance cikin kwata, an ɗaure wurin da ya tsage da tsumman tayar keke, ruwan wanke-wanke da na makewayi na bi ta kansa. Duk abin da ke cikin kwatar nan yana shiga ta tsagar cikin dare, washegari in an kawo ruwa shi ne zai fara fitowa a bokitin farko. Ƙaramin injin da wasu ke haɗawa kai tsaye da bututun gari don jan ruwa yana ƙara wannan zuƙa, har ya shafi maƙwabta. Ruwa na iya barin tanki da tsabta ya iso gida da cuta, shi ya sa hukuncin ke kan abin da ya fito daga famfo.

Gurɓacewar ruwa da laka ita ma tana da iyaka, 5 a ma'aunin NTU. Ruwan da ya kai wannan lamba za a fara ganin hazo-hazo a cikinsa in an ɗaga gilashi a haske. Matsalar ba ta kyan gani ba ce kawai: ƙwayoyin cuta na fakewa jikin ƙurar laka, kulorin bai kai gare su. Garin da ke shan ruwan dam ko kogi dole ya fara da alam don lakar ta dunƙule ta kwanta, a tace ta yashi, kulorin ya zo a ƙarshe. In aka juya wannan jeri, asarar magani aka yi. Alam ɗin ma yana da iyaka, domin sinadarin alminiyom da yake bari kada ya wuce 0.2. Ma'aunin tsami da kanwa, wato pH, ana son sa tsakanin 6.5 da 8.5. Ƙasa da haka ruwa na cin bututun ƙarfe, sama da 8 kuma kulorin na rage kaifi.

Akwai iyakokin da galibi na daɗin baki ne da kare kaya. Ƙarfe 0.3, shi ne ke mayar da ruwa ja bayan ya kwana a randa, ya ɓata farin kaya. Jimillar gishirin da ya narke 500, wanda in ya yi yawa muke cewa ruwan zartsi ne. Taurin da ke hana sabulu kumfa 150. Waɗannan mutane kan yi ƙorafi a kansu da wuri, tun da ido da harshe na kama su, kuma hatsarinsu na gaske shi ne su kori jama'a daga famfo zuwa kududdufi.

Masu ban tsoro su ne waɗanda ba su da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Naitiret iyakarsa 50. Yana zuwa daga masai da sokawe da turken dabbobi da takin zamani, ya tsuma cikin ƙasa ya sami rijiya marar zurfi. Jarirai 'yan ƙasa da wata uku yake bugu: yana hana jini ɗaukar iska, leɓen jariri ya yi shuɗi-shuɗi. Masana tsaftar muhalli kan ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma rijiyar ta kasance ta saman gangara. Dalma iyakarta 0.01, wato giram 1 cikin lita 100,000, kuma duk wanda ya tuna abin da gubarta ta yi wa yaran Anka da Bukkuyum a 2010 ba zai ce an yi tsanani ba, ko da yake a can ta ƙurar dutsen zinariya ta fi shiga jiki. A famfo takan fito ne daga tsofaffin mahaɗan bututu da kawunan famfo na tagulla marasa kyau, musamman in ruwan na da tsami.

Fuloraid kuwa iyakarsa 1.5, kuma daga cikin dutse yake fitowa, ba ƙazantar kowa ba ce. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, in ya zarce sai haƙoran yara su yi dabbare-dabbaren ja, kamar yadda aka sani a yankin Kaltungo. In ya zarce sosai ƙashi yake taɓawa. Tibiri ta Maradi a Nijar ta ga wannan: daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 garin na shan ruwan famfo daga wata burtsatse mai zurfi wadda fuloraid ɗinta ya fi ninki uku na iyaka. Dubban yara abin ya shafa, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe. Ruwan nan garau yake, sanyi ƙalau. Gwajin da zai tona shi na rana ɗaya ne. Don haka ne ƙa'idar ta ce sabon tushen ruwa sai an gwada shi an sami izinin ma'aikatar lafiya kafin a sake shi ga jama'a, abin da a gaskiya ba kasafai masu haƙa burtsatse ke yi ba. Ruwa ya fito, an yi kabbara, an yanke kyalle, shi ke nan.

Wa ke duba wa? Ƙa'idar ta raba aikin biyu da gangan. Mai ba da ruwa, ko hukumar ruwa ce ko hukumar ƙananan garuruwa irin STOWA ta Jigawa ko kwamitin gari, shi ke da alhakin gwajin yau da kullum. Shi ne kuma zai rubuta tsarin kare lafiyar ruwa, takardar da ke bin ruwan daga tushe zuwa famfo tana nuna duk inda zai iya gurɓata da matakin da za a ɗauka. In aikin tacewa ya samu matsala, wajibi ne ya sanar da hukumomin lafiya. Sa ido kuma na ma'aikatar lafiya ne, daga tarayya zuwa jiha zuwa duba-gari na ƙaramar hukuma, don kada mai ruwa ya zama shi ne alƙalin kansa. Tsarin a takarda ba shi da laifi. Inda ya yi rauni shi ne duba-garin da ba shi da akwatin gwaji, ba shi da man babur, kuma ɗakin bincike mafi kusa na hedikwatar jiha.

Nisan nan yana da tasiri, domin samfurin gwajin ƙwayoyin cuta ba ya jira. Ana ɗibarsa a kwalbar da ɗakin bincike ya bayar, wadda aka kashe ƙwayoyin cikinta aka kuma sa mata sinadarin da ke kashe kaifin kulorin, in ba haka ba kulorin zai ci gaba da aiki a hanya, sakamako ya fito da kyan ƙarya. A sa cikin kula da ƙanƙara, a kai cikin awa 6 in zai yiwu, kada dai ya wuce awa 24. Gorar lemo da aka ɗauraye ta kwana a but ɗin mota ba samfur ba ce. Yawan gwaji kuma, lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne samfur 12 a shekara ga kowane mutum 5,000. Gari mai mutum 15,000 ke nan samfur 36, uku kowane wata, daga famfuna daban-daban, ana kuma ƙarawa da damina.

Mai biyan kuɗin ruwa na iya neman a nuna masa takardar gwaji ta ƙarshe. Abu huɗu ake fara dubawa: ranar da aka ɗebi samfur, famfon da aka ɗiba, adadin ikolai, da ragowar kulorin. Takardar da aka yi ranar ƙaddamar da rijiya shekara biyar da suka wuce ba ta faɗin komai game da ruwan yau. In an ƙi nunawa, ko an ga gudawa ta yawaita a layi ɗaya, sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne wurin kai ƙara, a rubuce, da kwanan wata da sunan unguwa.

Kafin a gyara, tafasa ruwa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka na kashe ikolai da kwalara da taifot, in an adana shi a mazubi mai murfi da ƙaramin baki, ba randar da kowa ke tsoma moɗa ba. Amma tafasa ba ta cire naitiret ko fuloraid ko dalma, tana ma ƙara musu kauri, tun da ruwa ne ke tashi a tururi su su zauna. In gwaji ya nuna ɗayan waɗannan uku ya haura iyaka, ruwan sha da na girki da na haɗa madarar jariri sai a nemo shi daga wani tushe da aka gwada, na famfon a bar shi ga wanki da wanka.