Ɗanɗanon Jar Giyar Inabi

Ɗanɗanon jar giyar inabi fanni ne na auna ingancin giyar da aka yi da baƙin inabi, ta hanyar amfani da ido da hanci da baki. Sana'a ce ga masu haɗa giyar, da dillalanta, da masu rubuta sharhi a kanta, da kuma ma'aikacin gidan abinci mai kula da rumbun kwalabe, wanda Faransawa ke kira somaliye. Ƙwararre a bakin aiki ba ya haɗiyewa. Kurɓa yake yi ya juya a baki ya tofar a wani mazubi, domin wanda zai bi ta kan kwalba hamsin a wuni guda, in ya ce zai haɗiye, kafin ya kai ta goma hankalinsa ya gushe. Abin da yake nema a cikin kofin shi ne alamun abubuwa uku: irin inabin, ƙasar da ya fito, da shawarwarin da mai haɗawa ya yanke tun daga gona har zuwa kwalba.

Asali da matsayinta

Shaidar yin giyar inabi mafi daɗewa da aka samu ta fito ne daga ƙasar Jojiya, a jikin fasassun tuluna na wajen shekara 6000 kafin haihuwar Annabi Isa. A kogon Areni na Armeniya kuma an tono wurin matsar inabi na wajen shekara 4100 kafin miladiyya. Har yau mutanen Jojiya suna tsima inabi a manyan randunan ƙasa da ake binnewa, kuma UNESCO ta sanya wannan hanya cikin kayan gadon duniya a 2013. Girkawa da Rumawa ne suka yaɗa kurangar inabi a Turai, daga baya sufayen Kirista suka riƙe gonakin, musamman a yankin Burgundi na Faransa.

Addinin Musulunci ya haramta giya kowace iri, kamar yadda ya zo a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, yayin da majami'un Kirista da yawa ke amfani da ruwan inabi a jibin Ubangiji. Ta fuskar lafiya, an daɗe ana yayata cewa jar giya tana kare zuciya, musamman bayan wani shirin talabijin na Amurka a 1991. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya barasa a rukunin farko na masu haddasa ciwon tun 1988, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa.

Inda ja da bauri suke fitowa

Ruwan da ke cikin yawancin baƙin inabi fari ne. Jan launi a ɓawo yake, don haka sai an bar ruwa da ɓawo da 'ya'yan ciki sun tsima tare na kwanaki ko makonni kafin giyar ta yi ja. A wannan lokaci yisti yana cinye sukari yana mayar da shi barasa, wadda yawanci takan tsaya tsakanin kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Iskar da ke tasowa tana tura ɓawon sama ya yi tulluwa, sai a riƙa danna shi ƙasa ko a jawo ruwa daga gindi a kwarara masa.

Daga ɓawon da 'ya'yan ne ake samun sinadarin tanin, mai kawo bauri. Duk wanda ya taɓa shan baƙin shayin da ya daɗe a wuta ba madara ya san shi: baki ya bushe, dasashi ya kama, harshe ya yi kaushi. Dalili shi ne tanin yana kama sinadaran da ke sa yawu santsi. Shi ne ƙashin bayan jar giya, kuma shi da tsami ne ke sa wata kwalba ta kai shekara talatin tana ƙara kyau, alhali mafi yawan giyar duniya an yi ta ne don a sha cikin 'yan shekaru. Bayan yisti ya gama, wasu ƙwayoyin halitta sukan mayar da kaifin tsamin inabi zuwa tsami mai laushi irin na madara. Daga nan a zuba a gangunan katakon ok, masu cin lita 225 a yankin Bordo na Faransa, 228 a Burgundi. Sabuwar ganga tana ba da ƙamshin banila da hayaƙi, tsohuwa kuwa iska kawai take bari ta shiga kaɗan-kaɗan.

Yadda ake ɗanɗanawa

Ana zuba kaɗan, kamar sulusin kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, a riƙe shi ta ƙafa. Zafin da ya dace yana tsakanin digiri 15 zuwa 18. In ya fi haka barasa ta danne komai, in ya yi sanyi ƙamshi ya ɓuya, bauri ya ƙara kaifi.

Ido ne ke fara aiki, amma shi ya fi ƙarancin labari. A karkata kofin a kan farar takarda a dubi gefen ruwan: sabuwar giya tana da shunayya-shunayya, tsohuwa takan koma launin jan bulo. Ɗigon da ke gangarowa a jikin kofi bayan an juya shi, wanda ake kira hawaye, mutane da yawa na ɗaukarsa alamar inganci. Yawan barasa kawai yake nunawa.

Hanci ne sarkin aikin. Harshe bai san komai ba sai zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da gardin nama. Duk sauran abin da mutum ke ji kamar ɗanɗano, ƙamshi ne da ya hau zuwa hanci ta bayan maƙogwaro. Shi ya sa mai mura ba ya zama a teburin alƙalai, kuma shi ya sa ƙwararru ke zuƙar iska ta tsakanin haƙora da ruwan a baki, da wata ƙara mara daɗin ji. Akan shinshina kofin a tsaye tukuna, sannan a juya a sake. Aikin farko shi ne neman aibu. Sananne a ciki shi ne warin jiƙaƙƙen kwali, wanda wani sinadari mai suna TCA ke kawowa daga toshiyar kwalba. Ɗan mitsitsinsa ya isa ya kashe giyar da aka yi shekara ashirin ana ajiya.

In babu aibu sai a koma ga tantance ƙamshi, kuma a nan ne mai kallo daga waje yakan ɗauka almara ake yi. Wani ɓangaren kam akwai ƙarin gishiri. Amma da yawa yana da tushe a kimiyya. Ƙamshin koren tattasai da ake ji a giyar inabin Cabernet Sauvignon wanda bai nuna sosai ba, sinadarin da ke cikin tattasan ne da kansa. Ƙamshin masoro na inabin Syrah, masu bincike a Ostireliya sun gano a 2008 cewa daga rotundon yake, wanda ke cikin masoron, kuma akwai mutanen da hancinsu ba ya jin sa sam. A 1984 Farfesa Ann Noble ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta tsara kalmomin ƙamshi a wani da'ira domin masu ɗanɗano su daina magana kowa da yarensa.

A baki ana auna daidaito: tsami, bauri, barasa da ƙarfin 'ya'yan itace, kada ɗaya ya hau kan saura. Sai kuma tsawon lokacin da ƙamshin ya ɗauka bayan an tofar. Giya ta yau da kullum takan ɓace nan take, ta ƙwarai takan zauna rabin minti ko fiye.

Irin inabi da ƙasa

Cabernet Sauvignon mai kaurin ɓawo ne da yawan bauri, kuma gwajin ƙwayar halitta da aka wallafa a 1997 ya nuna ɗan Cabernet Franc ne da farin inabi Sauvignon Blanc. A Bordo ana gauraya shi da Merlot mai laushi. Pinot Noir na Burgundi siririn ɓawo gare shi, ga wuyar sha'ani a gona. Nebbiolo na Barolo a Italiya yana yaudarar ido, launinsa ba duhu amma baurinsa mai ƙarfi ne ƙwarai, shi ya sa doka ta ce sai an ajiye shi wata 38 kafin a sayar.

Faransawa suna da kalmar teruwa, wadda ta haɗa ƙasa da gangare da rana da ruwan sama na wuri guda. A Burgundi gonaki biyu da turba kawai ta raba sukan bambanta a farashi ninki goma. Gonar Romanée-Conti ba ta kai hekta biyu ba, kuma a Oktoban 2018 an sayar da kwalbarta guda ta kakar 1945 a gwanjo a birnin New York kan dala 558,000. Abin dariyar shi ne kusan dukkan waɗannan kurangu da ake taƙama da asalinsu a kan saiwar Amurka suke tsaye. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka ya cinye gonakin Turai, kuma maganin da ya yi aiki shi ne a yi wa kurangar Turai aure da saiwar Amurka mai jure masa.

Masu haɗawa

Mai haɗa giya sau ɗaya yake samun dama a shekara. Wanda ya yi shekara arba'in a sana'ar, gwaji arba'in ke nan kacal. Shawara mafi nauyi ita ce ranar girbi: a yi sauri a samu tsami da ɗanyen bauri, a jinkirta ruwan sama ya ruɓar da inabi ko sukari ya yi yawa.

Émile Peynaud na Jami'ar Bordo, wanda ya rasu a 2004, shi ya sauya sana'ar bayan Yaƙin Duniya na Biyu da nasihohi da yanzu suke kamar ba komai ba: a jira inabi ya nuna, a zubar da ruɓaɓɓe, a kula da zafin tukunya, a tsabtace ganga. A Ostireliya, Max Schubert na kamfanin Penfolds ya dawo daga ziyarar Bordo ya fara giyar Grange a 1951. Masu ɗanɗanon farko suka kushe ta, shugabanni suka umarce shi ya daina a 1957. Ya ci gaba a ɓoye har kaka uku, ba tare da sababbin ganguna ba, kafin kwalaben farko su huce su nuna kansu, aka ɗage haramcin a 1960. Yau ita ce jar giyar Ostireliya mafi suna.

Ba kuma a taɓa samun baki ɗaya tsakanin manya ba. Henri Jayer na ƙauyen Vosne-Romanée, wanda ya rasu a 2006, yana tsige kowane sanda daga nonon inabi domin ya tsani ɗacinsu. Maƙwabtansa na Romanée-Conti sun daɗe suna tsima inabi da sandunansa. Duka biyun ana rububin giyarsu. A Barolo rigimar ta fi zafi a shekarun 1980, tsakanin masu doguwar tsima a manyan tsofaffin ganguna, irin su Bartolo Mascarello, da matasa masu gajeriyar tsima a ƙananan gangunan Faransa. Elio Altare ya kai ga sa zarton inji ya yayyanka gangunan mahaifinsa, uban kuma ya cire shi daga gado.

Suna, maki da kuskuren alƙali

A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya nemi a jera manyan gidajen giyar Bordo domin bajekolin Paris. Dillalai suka jera su hawa biyar bisa farashin da ake sayensu, Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion a sama. Babban canji ɗaya aka yi tun daga nan, wato ɗaga Mouton Rothschild zuwa hawan farko a 1973. Sai ranar 24 ga Mayun 1976, wani Baturen Ingila mai shagon giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa tara suka ɗanɗana kwalabe ba tare da ganin suna ba. Jar giyar da ta zo ta ɗaya ta Kalifoniya ce, Stag's Leap ta 1973 da Warren Winiarski ya haɗa, Mouton na biye. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta.

Bayan shekara biyu wani lauya Ba'amurke, Robert Parker, ya fara mujallarsa da tsarin maki 100. Makinsa ya kai ga ɗaga farashi cikin dare, har aka zargi wasu gidaje da haɗa giya mai kauri don su dace da bakinsa. Su kansu alƙalai ido yana jansu. A 2001 Frédéric Brochet ya rina farar giya da jan launi mara ƙamshi ya ba ɗalibai 54 masu karatun giya a Bordo, suka siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta ja.

Inda suna ya fi ruwan ciki tsada, jabu ba ya nisa. Rudy Kurniawan ya yi shekaru yana gauraya giya mai sauƙin kuɗi a gidansa a Kalifoniya yana manna mata tambarin manyan gidajen Burgundi, masu kuɗi da ƙwararru suna kurɓa suna yabo. A 2008 ya kai gwanjo a New York kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu tambarin kakar 1945 zuwa 1971. Laurent Ponsot ya hau jirgi ya je da kansa ya sa aka janye su, domin gidansu bai fara yin wannan giya ba sai 1982. An kama Kurniawan a 2012, aka yanke masa ɗaurin shekara goma a 2014.