Wace ce Vesta, kuma me ya kai ta cikin lissafin masu duban taurari?

Sunan Vesta yana yawan fitowa a bakin Turawa masu duban taurari da kuma matan da ke cewa sun koma bautar gumaka mata irin na da, musamman a Amurka da Ingila. Za ka ji mace tana cewa wai Vesta ɗinta, wani dutse a sararin sama da aka sa wa sunan wata abar bautar Rumawa, tana gida na shida a taswirar taurarin haihuwarta shi yasa aiki ke cinye mata rayuwa. Ga tambayoyin da aka fi yi akai.

Wai wace ce Vesta ɗin nan tun asali?

Abar bauta ce ta Rumawan da, ita suka ɗauka a matsayin mai kula da murhu da wutar gida. Girkawa suna da tasu mai kama da ita, Hestia. Abin da ya bambanta ta da sauran gumakansu shine kusan ba ta da labarai, ba aure ba kishi ba yaƙi irin na su Jupiter da Venus, kuma mawaƙinsu Ovid ya faɗa cewa a cikin ɗakin bautarta babu mutum-mutuminta, wutar da ke ci ita ce Vesta ɗin. Ɗakin nan zagayayye ne, yana tsakiyar dandalin birnin Roma, har yau kangonsa na nan masu yawon buɗe ido suna zuwa gani.

Kuma in ka tuna zamanin da babu ashana sai a tura yaro maƙota da kasko ya ɗebo garwashi, za ka gane me yasa mutane za su ɗauki wutar da ba ta mutuwa da girma haka. Su Rumawa sai suka kai abin matakin ƙasa, suka yi imani in wutar Vesta ta mutu to masifa na tafe wa garin gaba ɗaya. Sau ɗaya a shekara, ranar 1 ga Maris wadda ita ce sabuwar shekararsu ta da, ake sabunta ta.

Su wane ne 'yan matan nan da ake cewa suna gadin wutar?

Nan ne fa labarin yake da nauyi. Su shida ne. Babban limamin addinin Rumawa ne ke zaɓo su tun suna 'yan shekara 6 zuwa 10, daga gidajen manya, kuma ba tambayar yarinya ake ba, ɗauke ta ake daga ƙarƙashin ikon ubanta. Shekara 30 za ta yi tana hidima, goma tana koyo, goma tana aikin, goma tana koyar da na baya, kuma duk tsawon lokacin dole ta zauna budurwa. Bayan nan tana iya aure in tana so amma akasari ba sa yi.

Gata kam sun samu wanda sauran matan Roma ba su da shi. Suna mallakar dukiya da kansu ba sai da waliyyi ba, suna rubuta wasiyya, ana keɓe musu wurin zama na musamman a wajen wasanni, dogari na tafiya gabansu a hanya, in kuma aka yi kiciɓis da ɗayansu ana kan hanyar kai mutum wajen kisa to an yafe masa kenan. Manya ma a wajensu suke ajiye wasiyya, Julius Kaisar da Augustus duk sun yi haka. Su ne kuma ke haɗa wani gari mai gishiri da ake barbaɗa wa dabbar da za a yanka a bukukuwan gwamnati.

Toh amma ga ɗaya gefen. Wadda ta bari wuta ta mutu bulala ce. Wadda aka ce ta san namiji kuwa, tunda haramun ne a zubar da jininta, sai a kai ta wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da ƙofar gari da ake kira Collina, a saka mata fitila da ɗan burodi da ruwa da madara da mai, a janye tsani a rufe da ƙasa, wai don kar a ce an kashe ta. Ba a cika yin hakan ba a tsawon tarihinsu, sai dai in ka duba lokutan da aka yi za ka ga sau da yawa lokacin da gari ya rikice ne. Shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan Hannibal, kwamandan yaƙin Carthage, ya yi wa sojojin Roma kaca-kaca a Cannae, sai ga zargi ya faɗa kan biyu daga cikinsu, Opimia da Floronia, aka binne ɗaya da rai ɗayar ta kashe kanta. Maza sun sha kashi a fagen daga, an dawo gida ana binciken budurcin mata. Sarki Domitian ma ya sa an binne shugabarsu Cornelia.

Yaushe abin ya ƙare?

Da Kiristanci ya zama addinin masarauta. Sarki Gratian ya yanke musu kuɗin gwamnati a 382, Sarki Theodosius ya zo da dokokin hana bautar gumaka daga 391, zuwa wajajen 394 an kashe wutar an watse.

To ya aka yi ta koma sama?

Sanadin suna ne kawai. A farkon ƙarni na 19 masana falaki suka fara gano wasu manyan duwatsu da ke zagaya rana tsakanin duniyoyin Mirrihu (Mars) da Mushtari (Jupiter). Ceres a 1801, Pallas a 1802, Juno a 1804. Ranar 29 ga Maris 1807 wani likita Bajamushe a garin Bremen, Heinrich Olbers, ya hango na huɗu, sai ya bar wa masanin lissafi Carl Friedrich Gauss ya raɗa masa suna tunda shi ya lissafo hanyar da yake bi, Gauss ya ce Vesta. Al'adar lokacin ce a ɗauko sunayen gumakan Girkawa da Rumawa, shikenan.

Dutsen faɗinsa kusan kilomita 525 ne, yana gama zagaya rana cikin shekara 3 da wata 7 da 'yan kai. Kumbon NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna Dawn ya zagaya shi daga Yulin 2011 zuwa Satumbar 2012 ya turo hotuna, busasshen dutse ne mai ramuka, ba iska ba wuta, da wani ƙaton rami a kudancinsa mai faɗin wajen kilomita 500 da aka sa wa suna Rheasilvia, sunan uwar Romulus da Remus, tagwayen labarin kafuwar Roma, wadda tatsuniyar Rumawa ta ce ita ma mai gadin wutar ce. Masana sun ce ɓaraguzan da suka tarwatse daga jikinsa suna faɗowa duniyarmu, har da wanda ya faɗi a Tataouine ta ƙasar Tunisiya a 1931.

Masu duban taurari me suke cewa tana nufi?

Sun daɗe ba su kula da ita ba fa, sama da shekara 160 bayan gano ta. Sai a 1973 wata mai duban taurari a New York, Eleanor Bach, ta buga jadawalin da ke nuna inda duwatsun nan huɗu suke a kowane lokaci. Lokacin gwagwarmayar 'yancin mata na tashe a Amurka, kuma ƙorafin shine a tsohon tsarin duba mata biyu ne kacal, wata da Zuhra, wato uwa da masoyiya, sauran duk maza. Duwatsu huɗu masu sunan mata sai suka zo a kan gaɓa. A 1986 Demetra George tare da Douglas Bloch suka fitar da littafin Asteroid Goddesses, kusan duk abin da ake maimaitawa yau kan Vesta daga can ya samo tushe.

A tsarinsu ana zana taswirar sama ta daidai lokacin da aka haifi mutum, a raba ta buruji 12 da gidaje 12, sai a duba inda Vesta ta faɗa. Wai wurin shi ke nuna abin da mutum zai sadaukar da kansa a kai, inda yake tattara hankalinsa, da abin da zai iya haƙura da shi saboda wannan abin, har da yadda yake ɗaukar kusantar jinsi, ko ƙauracewa ko tsoro ko tsarkakewa. In tana gida na goma sai su ce sana'a ce ibadarka, in tana na huɗu su ce gida da iyali, in tana na bakwai su ce aure zai riƙa karo da buƙatarka ta kaɗaici. Suna danganta ta da burujin Sumbula, George ta ƙara da Akrab. Alamarta kamar harafin V ne da harshen wuta a sama.

Akwai wata hujja kan hakan?

Babu. Kuma a nan abin ya fi fitowa fili fiye da sauran taurari, domin mun san lokacin da aka sa sunan da wanda ya sa. Ba wanda ya zauna ya bi rayuwar mutane ya ga tasirin dutsen sannan ya nemo sunan da ya dace, sunan aka fara samu sannan aka je tatsuniya aka kwaso ma'ana aka liƙa masa. Da Gauss ya zaɓi wata abar bautar daban da yau wata fassarar ake sayar wa mutane a kan dutse ɗaya. Shi kansa duban taurarin an gwada shi, sanannen gwajin shine na Shawn Carlson da mujallar Nature ta buga a 1985, inda masu duban suka kasa haɗa taswirar haihuwa da halayen mai ita fiye da yadda mai canka zai yi. Sannan kalaman da ake amfani da su, sadaukarwa, maida hankali, son keɓewa wani lokaci, wa za ka faɗa wa ya ce ba shi ba ne?

Su kuma masu bauta wa Vesta a yau fa, da gaske suke?

Da gaske suke, ko da yake kala-kala ne. Harkar bautar abar bauta mace ta taso ne a shekarun 1970 a Amurka, cikin matan da suka ji coci da majami'ar Yahudawa sun mayar da su saniyar ware. Zsuzsanna Budapest ta kafa ƙungiyarta ta mata zalla a Los Angeles a 1971, su Starhawk da Carol Christ suka yi rubuce-rubucen da suka yaɗa abin. Wasu a cikinsu sun yarda akwai Vesta ɗin da gaske tana jin addu'a. Wasu kuma, bisa tafarkin masanin halayyar ɗan adam Carl Jung, suna cewa siffa ce kawai ta wani hali da ke cikin mace, likitar ƙwaƙwalwa Jean Shinoda Bolen ta yi wannan bayanin a 1984 da sunan Hestia, mace mai natsuwa wadda ba ta dogara da yabon kowa ba. Akwai kuma kashi na uku masu ƙoƙarin dawo da addinin Rumawa yadda yake a littattafai, irin ƙungiyar Nova Roma da aka kafa a 1998.

A aikace abin ba wani mai yawa ba ne. Kunna kyandir a kicin ko a wani ɗan teburi da aka keɓe, ajiye burodi ko gishiri ko mai, sharar gida da niyyar tsarkakewa. Sun fi yi a tsakanin 7 zuwa 15 ga Yuni, kwanakin bikin Vestalia na da, wanda a lokacin Rumawa matan aure ke shiga ɗakin bautar ba takalmi da abincin sadaka, masu niƙa da masu gasa burodi su huta, a rataya wa jakunan da ke juya dutsen niƙa furanni da ƙananan burodi a wuya, ranar ƙarshe a share ɗakin a kwashe sharar.

Kenan Vestar yanzu ita ce ta da?

A ganina sunan ne ɗaya. Ta Rumawa harkar gwamnati ce, wutar ƙasa ce, babban limami namiji ke riƙe da bulala, yarinya 'yar shekara 7 ba ta zaɓi komai ba. Ta yanzu kuwa wai wutar cikin zuciya ce, kowa da tasa, ka kunna lokacin da ka ga dama ka hure in za ka fita. Sun ɗauki gatan, dukiya da 'yanci daga miji da uba, sun bar ɗakin ƙarƙashin ƙasa a baya. Har akwai iƙirarin da ya yaɗu a cikinsu cewa wai kafin zamanin Roma masu gadin wutar mata ne masu 'yancin kwanciya da maza a matsayin ibada, daga baya maza suka ƙaƙaba musu budurci. Masana tarihin Roma ba su da shaidar hakan, duk rubutun da ya iso mana budurcin yake nunawa tun farko. Ba wai ban gane abin da ya ja su ba, mace da aikin gida ya zame mata abin raini ta samu wanda ya ce mata murhu wuri ne mai daraja dole abin ya yi mata daɗi, amma tarihi dai ba haka ya zo ba.

Musulmi ko Kirista zai iya shiga wannan?

Bautar kam ba sai an tambaya ba, shirka ce a Musulunci, Kiristanci ma ya hana. Duban kuma malamai sun raba ilmin taurari gida biyu, na lissafin tafiyarsu don sanin alƙibla da lokutan salla da shigowar damina, wannan halal ne kuma manomanmu da malaman hisabi sun daɗe suna yi, da kuma na cewa tauraro na da tasiri kan halin mutum ko abin da zai same shi, wannan shi aka hana, akwai hadisi a Abu Dawud da ya haɗa shi da sihiri. Vesta a gida na goma tana cikin kashi na biyu, ko da a manhajar waya aka duba ta ba a gaban boka ba. Karanta tarihin Rumawa ko kallon hotunan Dawn wani abu ne daban.

Ana iya ganin Vestar da ke sama da ido?

Wani lokaci, e. Ita ce ta fi duk duwatsun nan haske saboda fatar jikinta na mayar da hasken rana sosai. Kusan duk bayan wata 16 duniyarmu na shiga tsakaninta da rana, lokacin ta fi kusa, kuma a shekarun da ta matso sosai mai kaifin ido zai iya hango ta in yana ƙauye nesa da fitilun gari, ba farin wata ba hazo. In ba haka ba ƙaramin madubin hangen nesa irin na hannu ya isa. Ɗigo ne kawai kamar sauran taurari, yadda za ka tabbatar ita ce sai ka zana inda take yau ka sake dubawa bayan kwana biyu ko uku, za ka ga ta gusa sauran suna nan inda suke.