Ƙirar Motocin Gudu Masu Ƙofa Biyu na Italiya (1947–1965)

Motocin gudu masu ƙofa biyu da rufaffen sama, waɗanda Italiyawa ke kira berlinetta ko gran turismo, sun yi tashe ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ana gane su da dogon bonet, da gajeren baya mai gangarowa, da ɗakin zama da ya ja baya ya yi ƙasa-ƙasa, sai kuma ƙarancin ado.

A wancan zamani aiki a rabe yake. Kamfanoni irin su Ferrari da Alfa Romeo da Lancia kan haɗa inji da ƙashin mota, sannan su miƙa wa gidajen ƙera bodi, wato carrozzeria, su yi mata jiki. Manyansu su ne Pinin Farina da Bertone da Ghia da Vignale a Turin, sai Touring da Zagato a Milan. Da hannu ake mafi yawan aikin: maƙeri zai riƙa bugun fallen alminiyam da guduma, yana gwada shi a jikin gangar katako da aka sassaƙa da siffar motar, har ya kwanta. Shi ya sa motoci biyu masu suna ɗaya kan ɗan bambanta, wani lokaci ma gefen dama da na hagu na mota guda ba sa zama daidai.

Motar da aka fi ɗauka a matsayin mafarin salon ita ce Cisitalia 202 ta 1947, ƙirar Battista "Pinin" Farina. Kafin ita, marufin taya da fitilu da bonet kowanne zaman kansa yake yi a yawancin motoci. Farina ya narkar da su cikin jiki guda, ya kuma sauke bonet ƙasa da kafaɗun tayoyin gaba. Gidan adana fasahar zamani na New York ya baje ta a 1951, ya kuma shigar da ita cikin kayansa na dindindin a 1972.

Lancia Aurelia B20 ta 1951 ta bi sawunta, sai Alfa Romeo Giulietta Sprint ta 1954, wadda Franco Scaglione ya kammala zanenta a gidan Bertone. Injinta bai kai lita 1.3 ba, amma ita ce ta kai wannan kyan ga mai saye mai matsakaicin hali. Ferrari 250 GT mai gajeren ƙashi ta 1959 kuwa, zanen Pinin Farina ce, gidan Scaglietti na Modena ya buga jikinta.

Kowane gida da hatiminsa. Zagato ya shahara da rufi mai tudu biyu, domin kan direba da na abokin tafiyarsa su samu wuri ba tare da an ɗaga rufin duka ba. Touring kuma yana da dabarar Superleggera, inda ake shimfiɗa alminiyam kan siraran bututun ƙarfe. Har Aston Martin na Ingila ya karɓi lasisinta don DB4 ta 1958.

Da masana'antu suka koma ƙera bodi da ƙashi a haɗe, aikin gidajen ya ja baya. Touring ya rufe a 1966.