Madadin Wutar Lantarki a Gida da Zango

Madadin wutar lantarki shi ne na'urar da ake komawa gare ta idan an ɗauke wuta, ko a inda layin wuta bai kai ba, kamar zangon matafiya, ruga da bukkar gona. Iri uku suka fi yaɗuwa: janareta, inbata mai batir (na'urar da ke mayar da cajin batir ya zama irin wutar gida), da ƙaramin akwatin batir da ake ɗauka a hannu. Biyun ƙarshe ana iya cika su da farantin sola.

Zaɓi yana farawa ne da lissafin kayan da za a kunna da awannin da za su yi, tun kafin a tambayi farashi. Ƙwan fitila na zamani bai cika wuce wat 10 ba, fanka tana shan kusan 60, dutsen guga kuwa 1,000 ko fiye. Firji da injin jan ruwa suna fizgar ninki uku na wutar da suka saba sha, ko sama da haka, a lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janareta kan shaƙe da zarar an jona su. Haka kuma kVA ɗaya (ma'aunin ƙarfin janareta) da ake rubutawa a jikin inji wajen wat 800 ne a aikace.

Janareta ya fi dacewa da kaya masu nauyi da doguwar ɗaukewar wuta, muddin akwai mai. A Najeriya cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya sa gidaje da dama sun rage kunna shi. Babban haɗarinsa hayaƙi ne. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ko wari, kuma tana kashe mutum yana barci. Ba a kunna janareta a ɗaki, zaure, gareji ko cikin tanti, ko da don tsoron ɓarayi. Wurinsa fili ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Wannan ƙa'ida ba ta da sassauci. Dole kuma a sa makunnin sauya layi, don kada wutarsa ta koma kan wayoyin waje ta kama mai gyara.

Inbata ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, amma ƙarfinta iyakar abin da batir ya tara. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa (Ah) 200 yana riƙe wutar da ta kai wat 2,400 na awa ɗaya. In na darma ne, ba a so a zuƙe fiye da rabi, domin hakan na rage masa kwana. Rabin nan zai riƙe fanka ɗaya da ƙwai huɗu kimanin awa goma zuwa goma sha biyu. Batirin litiyam ya fi tsada, sai dai ana cin moriyar mafi yawan cajinsa, kuma nau'in LiFePO4 yana jure caji sau dubbai. Ƙasashen Sahel suna da rana isasshiya, amma ƙurar hunturu tana dushe faranti, sai an riƙa goge shi.

A zango nauyi da shiru ake dubawa. Akwatin batir da faranti mai naɗewa sun isa cajin waya, fitila da rediyo, amma ba su ɗaukar girki ko guga. Mai saye daga waje ya duba ƙarfin wutar: na kasuwar Amurka bolt 120 suke bayarwa, kayan Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 suke buƙata.